Gabatar da takarda a taron masana kan fim da waƙa: ta ina ake farawa daga Saudiyya?

Ummu Hanan, Jidda:

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ina digiri na biyu a nan Jidda, bincikena kuwa a kan yadda Hausawan Hijaz ke kallon finafinan Kano masu dogon zango a YouTube, da waƙoƙin da ake sakawa a gidajen biki. Mushrif ɗina, wato malamin da ke duba aikina, ya ce in kai babi ɗaya taron ƙara wa juna sani kafin munaƙasha, wato zaman kare kundin. Fasfon Najeriya gare ni, iƙamata, wato takardar izinin zamana a Saudiyya, tana ƙarƙashin mahaifina. Wane taro ya dace da irin wannan aiki? Yaya ake rubuta tsakure, wato taƙaitaccen bayanin takarda, wanda za a karɓa? Sannan ina da guntayen bidiyo da nake son nunawa. Allah ya saka da alheri.

Dakta Abu Safwan, Riyad:

Wa alaikumus salam, Malama. Tarukan da ke karɓar irin aikinki ba su da yawa, kuma kowanne da lokacinsa.

A Amurka akwai Popular Culture Association, wadda Ray Browne na Jami'ar Bowling Green da abokan aikinsa suka kafa a farkon shekarun 1970. Taronta na shekara-shekara yana zuwa wajen Maris ko Afrilu, ana rufe karɓar tsakure tun kafin ƙarshen shekarar da ta gabata. African Studies Association kuma tana taro a Nuwamba, amma tun wajen Maris take rufe ƙofa. A Turai akwai ECAS, taron masana nazarin Afirka na Turai, duk bayan shekara biyu: 2023 a Kolon ta Jamus, 2025 a Prag. Nasu tsarin hawa biyu ne. Ana fara amincewa da jigogin zama, sannan a buɗe wa masu takardu su zaɓi zaman da za su shiga, don haka wanda zai karanta tsakurenki shi ne mai wannan zaman, ba wani babban kwamiti ba. Ki karanta bayanin zamansa sau biyu kafin ki rubuta kalma ɗaya. A Afirka akwai ASAA, ƙungiyar masana nazarin Afirka ta nahiyar, wadda ta yi taronta na farko a Ibadan a 2015, sai Accra a 2017 da Nairobi a 2019. A nan gida ma kada ki raina: tun da aka sake buɗe gidajen sinima a 2018 harkar ta motsa, Hukumar Fim ta fara babban taron nazarin fim a Riyad a 2023, ga kuma bikin finafinan Bahar Maliya a ƙofar gidanku tun 2021, inda za ki haɗu da masu sana'ar.

Tsakure yawanci kalma 250 ne zuwa 300. Abin da ke kashe na ɗalibanmu shi ne gabatarwa: a cinye kalma 150 ana bayanin su wane ne Hausawa da yadda Kannywood ta faro, a bar hujjar ta zo a jimlar ƙarshe da "wannan takarda za ta yi nazari". Mai tantancewa ba alkawari yake nema ba, sakamako yake nema. Jimlar farko ta faɗi abin da kika gano. Misali, cewa 'yan matan da aka haifa a Makka, waɗanda Larabci ya fi ƙarfi a bakinsu, daga fim suke ɗaukar Hausar gaisuwa da ta surukai, idan har hakan bayananki suka nuna. Sai ki faɗi mutum nawa kika zanta da su, a ina, cikin wata nawa. Sai ra'in da kika ɗora aikin a kai, jimla ɗaya ta isa. Sai abin da aikin ya ƙara a kan na magabata irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin, waɗanda akasarin aikinsu a Kano ne, naki kuwa ya bi fim ɗin ya tsallaka teku. Nan ƙarfinki yake.

A yi hattara da tarukan bogi. Idan suka amsa miki cikin kwana biyu, kuma taro guda ya haɗa injiniyanci da likitanci da adabi a otal ɗaya, kuɗin rajista kawai suke so.

Ɗan Maiurno, Madina:

Dakta ya gama da ɓangaren ilimi. 'Yar'uwa, ki ɗauki kalandar miladiyya ki ƙirga baya daga ranar taro, domin takarda ba ta hana mutum zuwa kamar yadda biza ke hanawa.

Amurka dai, ga masu fasfon Najeriya da Sudan, dokokin shiga sun tsananta sosai tun 2025. Kuɗin neman biza dala 185 ne, ba a mayarwa ko an hana. Kada ki biya rajistar taro sai kin duba halin da ake ciki a shafin ofishin jakadancinsu.

Bizar Shengen, ta shiga yawancin ƙasashen Turai, kuɗinta yuro 90. Ana iya nema tun saura wata shida, amsa takan fito cikin kwana 15, amma tana iya kai 45. Abin da ke cin lokaci shi ne samun ranar ganawa a cibiyar karɓar takardu, musamman dab da hutun bazara lokacin da kowa ke son fita. Za su nemi inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, fasfo mai sauran wata uku bayan ranar barin Turai, bayanan banki, wasiƙar jami'a, da wasiƙar gayyata mai ɗauke da sunanki daidai yadda yake a fasfo. Harafi ɗaya ya bambanta, a ce Aisha a nan Aishah a can, sai ki nemi masu taro su gyara. Iƙama ma su kan so ta wuce ranar dawowa da wata uku.

Huruj wa auda kuwa, wato bizar fita da dawowa Saudiyya, tunda a ƙarƙashin Baba kike, shi zai fitar miki ta manhajar gwamnati ta Absher. Ta tafiya ɗaya riyal 200 ce na wata biyu, kowane ƙarin wata riyal 100.

Abu ƙarami: hutunmu Juma'a da Asabar, nasu Asabar da Lahadi. Litinin zuwa Alhamis kaɗai ofisoshinmu da nasu ke buɗe tare. Wasiƙar da kika nema daren Alhamis tana iya kwana huɗu ba ta dawo ba.

Hajiya Ummu Jamil, Makka:

Ƙanwata, batun bidiyon zan tsaya a kai, don nan ake jin kunya.

Zama ɗaya yakan zama minti 90 da mutum uku ko huɗu, kowa ya samu minti 15 zuwa 20. Mai karanta Turanci a natse yana cin kalma 130 a minti. Ke nan minti 15 bai wuce kalma 1,950 ba, kuma duk daƙiƙar bidiyo daga cikinsu za a cire. Guntaye biyu, kowanne daƙiƙa 45 zuwa 60, sun wadatar. Babi mai kalma 8,000 ba a taƙaita shi, sabon rubutu ake yi da hujja ɗaya tak.

Kada ki dogara da intanet ɗin zaure. Ki yanke guntun tun a gida, ki ajiye shi MP4, ki saka cikin silaid, ki kuma ajiye kwafi daban a filash. Fassarar ƙasan allo a ƙone ta cikin hoton, domin in fayil ɗinta daban yake, kwamfutar zaure ba lallai ta ɗauko shi ba, sai a bar Turawa suna kallon baki yana motsi. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sukan koma akwatuna idan kwamfutar ba ta da irin rubutun da kika zaɓa, Larabci kuma haruffansa su rarrabu ko su juya. Maganinsa ki fitar da kwafin PDF. Ki tafi da adaftar USB-C zuwa HDMI, da kan soket: namu mai ƙafa uku ne irin na Ingila, na Jamus da Faransa mai ƙafa biyu zagayayyu. Ki shiga zauren lokacin shan shayi ki gwada sauti. Sau da yawa hoto na fita a majigi, sautin kuwa yana nan maƙale a ƙaramar lasifikar kwamfuta.

Waƙa kuma kada a fassara ta kalma da kalma. Ki sa baitin Hausa a sama, ma'ana a ƙasa, habaicin da ke ciki ki bayyana shi da baki.

Sai babba. Bidiyon biki na ɓangaren mata ba fim ba ne. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara ɗaya ko tarar da za ta kai riyal 500,000 ga mai keta sirrin mutane da kyamarar waya. Ko da izini, a zauren taro mutane na ɗaukar allo da waya su watsa. Ki yi amfani da sauti kawai, ko hoton hannaye da lalle. Cikin waɗanda kika zanta da su kuma ana iya samun wanda takardunsa ba su cika ba, don haka ki sauya suna, kada ki ambaci unguwa da sana'a tare.

Ummu Hanan, Jidda:

Na gode ƙwarai. Hajiya, karantawa zan yi daga takarda ko da ka? Turancina bai kai Larabcina ba.

Hajiya Ummu Jamil, Makka:

Ki karanta, a fagen adabi da al'ada ba aibi ba ne. Amma ki rubuta don kunne: gajerun jimloli, manyan haruffa girman 14, layi a wawware, ki sa alama inda za ki danna silaid. Ki gwada sau uku da agogo, ki gama da ragowar minti ɗaya. Tambayoyi biyu kuma kusan dole su zo, tasirin finafinan Indiya da batun Hukumar Tace Finafinai ta Kano da aka kafa a 2001. Ki rubuta amsar kowacce cikin jimla uku a bayan shafin ƙarshe.