Neman shawara: Bappana ya ce in na zaɓi ɗan takarar wata jam'iyya na yi butulci

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ni manomi ne a yankin Kumo, ina kuma taɓa sayar da hatsi ranar kasuwa. Gidanmu kowa jam'iyya ɗaya yake bi, Bappana ma jigo ne a gundumarmu, shi ya sa ni ejan a rumfarmu zaɓen da ya wuce. To yanzu zuciyata ta karkata ga wani ɗan takarar shugaban ƙasa da ba namu ba, don shi na ji yana maganar taki da kuɗin mota. Na ɗan tsegunta wa Bappa, ya ce mai barin jam'iyya don tsadar taki gobe zai bar gidansu don an yi fari. Ya zan yi?

Malamin makaranta, Azare: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, abin da kake son yi ai jama'ar nan sun daɗe suna yi. A 2019 Bauchi ta ba Buhari ƙuri'ar shugaban ƙasa, ta juya ta kayar da gwamnan APC ta kawo Bala Mohammed, Ƙauran Bauchi, na PDP. A 2023 Atiku ne ya ci Gombe ranar 25 ga Fabrairu, ranar 18 ga Maris kuma aka mayar da Gwamna Inuwa Yahaya na APC. Mutanen ƙauyuka ne suka yi wannan rabon, ba 'yan boko kaɗai ba. Katin zaɓenka babu sunan jam'iyya a jiki.

Mai shago a Wunti: Ni kuwa ja maka kunne zan yi. Ka ce ka ji yana maganar taki. Wa ba ya maganar taki lokacin kamfe? A 2023 Tinubu da Atiku da Peter Obi duk sun ce za su cire tallafin mai, a fili suka faɗa. Da yawanmu ba mu saurara ba, muna can muna musun wane ɗan Arewa ne, wane Musulmi ne, sai da aka cire ranar rantsuwa, 29 ga Mayu, kuɗin mota ya tashi, sannan muka fara salati. Ka nemo abin da mutumin naka ya faɗa da bakinsa, ba abin da sojojin baka suka ce ya faɗa ba.

Hajiya, Tudun Wadan Gombe: Ɗana, ƙuri'arka taka ce, amma ejancin nan amana ne. Kada ka karɓi kuɗin aikinsu da katin wuyansu ka shiga ka dangwala wa wani, wannan shi ne butulcin. Ka je ka durƙusa ka ce, Bappa, bana a nemi wani. Ba sai ka tsaya gardamar siyasa da shi a gaban yara ba.

Ɗan Kaltungo: Hajiya ta faɗi gaskiya, amma a daina ɗora wa talaka laifin da manya ba sa jin kunyarsa. Isa Yuguda ya ci gwamnan Bauchi a ANPP a 2007, ya koma PDP a 2009. Ƙaura da kansa sanatan ANPP ne kafin ya zama ministan Abuja. Ɗanjuma Goje ya yi shekara takwas yana gwamnan Gombe a PDP, ya koma APC. Su sauya sheƙa ake kira, kai kuma butulci?

Dillalin hatsi, Gombe: Tunda sana'armu ɗaya, ga inda zan sa ido da ni ne. Rabon takin da ake yi a gunduma yawanci aikin jiha da ƙaramar hukuma ne. Abin da ke hannun shugaban ƙasa shi ne farashin mai, darajar naira, jami'an tsaro, da boda. Bodar nan ita ta fi shafar mu. Da Buhari ya rufe ta a Agustan 2019, mai noman shinkafa ya ji daɗi, mai saye ya koka. A Yulin 2024 kuma gwamnati ta sanar da dakatar da haraji kan shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150, don mai saye ya numfasa, manomin da ya sayi taki da tsada ya shiga zullumi. Kai kana nomawa, kana sayarwa, kana kuma ciyar da gida, to wanne ka fi buƙata? Duk ɗan takarar da ya ce zai sa hatsi ya yi araha a birni ya kuma yi tsada a gona, ka tambaye shi wa zai biya gibin.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Hajiya, in sha Allahu Juma'a bayan masallaci zan same shi kan maganar ejancin. Alhaji dillali, naka ya tsaya min a rai, don ban taɓa jin mutumin nawa ya ce komai kan shigo da abinci ba. Wanda yake da hirarsa ta rediyo a kan wannan don Allah ya turo min.