Tsoho da ƙashin kifinsa: musayar baitoci

Ɗan Auta:
Jiya na kammala littafin The Old Man and the Sea na Ernest Hemingway, wanda ya fito a 1952. Ga abin da ya zo mini, mai amsa ya amsa da waƙa.

Tsoho Santiyago a gaɓar tekun Kyuba,
Kwana 84 ƙugiyarsa ba ta kama ba,
Tun a na 40 aka janye yaronsa, bai ce uffan ba,
Ya tura kwalekwale can nesa, bai waiwaya ba.

Ƙaton kifi ya zo ya haɗiye ƙugiya,
Ya ja shi da jirginsa dare har safiya,
Tafin hannu ya tsage don riƙon igiya,
Rana ta uku ya soke shi. Kai, namijin duniya!

Yaya Hauwa:
Auta, a hankali, zumuɗi ya kwashe ka,
Buɗe shafin gaba, ƙarshe yana jiran ka,
Kifayen shak masu cin nama sun biyo jini, ina naman gwaninka?
Ƙashi mai tsawon ƙafa 18 za ka sa a tukunyarka?

Ni kam yaron nan Manolin ne ya sa ni zub da hawaye,
Ya koma wani jirgin don bin umarnin iyaye,
Amma shi ke kawo abinci bukkar tsoho a dafe,
Kun yi wa mai mashi kirari, kun bar yaro a tsaye.

Baba Mai Taru:
Hauwa 'yata, a Yawuri aka binne cibiyata,
Taru da gora su suka cinye ƙuruciyata,
Inda ya kira kifin ɗan'uwa, nan ya soki zuciyata,
Ka so abu, ka kashe shi don tuwo, ita ce sana'ata.

Laifinsa ɗaya, kuma da bakinsa ya faɗa,
Ya yi nisa da yawa, ba mai taya shi faɗa,
Mashi ya tafi, wuƙa ta karye, ya koma sanda,
Ko Sarkin Ruwa ba ya shiga zurfi shi guda.

Ɗan Auta:
Baba, na ji. Amma da gari ya waye wa ya raina shi?
Masu dariyar jiya sun kewaye jirgi suna awon ƙashi,
Yaron ma ya ce tare za su koma su, ko an hana shi,
Yaya Hauwa, wannan ba riba ba ce gare shi?

Yaya Hauwa:
Marubucin ya ci Nobel a 1954,
Tsohonsa na kwance rub da ciki a bukka mai duhu,
Yaro na kuka don ya ga raunin hannuwansa biyu,
Sabon mashi da wuƙa, wa zai biya? Auta, amsa, kada ka gudu.