Don Allah masu sayen kaya a gwanjon eBay, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina sayen tsofaffin kwamfutocin cinya a gwanjon eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, ƙanena da ke Amurka ya karɓa ya turo mini Kano. Abu biyu sun tsaya mini a wuya.

Na san tsarin: ka rubuta iyakar kuɗin da za ka iya biya, na'ura ta riƙa taya maka kaɗan-kaɗan. To amma da na saka nawa da wuri, sai wani ya yi ta ƙara dala ɗaya, dala biyu, har ya kusa taɓo iyakata, sannan ya yi shiru. Ko yaron mai kayan ne yake tura farashi? Na san dokarsu ta hana, amma ta yaya ake ganewa? Idan kuma na jira daƙiƙun ƙarshe, intanet ɗinmu ya tsaya, kaya su wuce.

Na biyun ya fi ci mini rai. Wata kwamfuta ƙirar ThinkPad na ci a dala 140, mai ita ya soke cinikin wai ta lalace, washegari ga ta ya sake sakawa, hoto ɗaya, har tabon da ke murfin. A kasuwar Kwari in an sallama an sallama. In kai ƙararsa, ko in rubuta masa mummunar shaida kawai?