Zanen Sojoji a Yaƙin Basasar Amurka: Abin da Aka Tattauna

Ga taƙaitaccen abin da 'yan'uwa suka faɗa ga mai son kafa hujja da zanen fagen daga na 1861 zuwa 1865.

1. Kowa ya yarda a fara rarrabe soja mai zane da wakilin jarida. Alfred Waud da Edwin Forbes jaridu ne suka tura su. Sojoji su ne irin Conrad Wise Chapman na Kudu, da Robert Knox Sneden na Arewa, mai zana taswira, wanda ya sha ɗauri a Andersonville, sansanin fursunonin yaƙi na Kudu.

2. Kyamarar zamanin sai abu ya tsaya cak na daƙiƙu, kuma a wanke gilashin da ake ɗaukar hoton a kai tun yana ɗanye. Gawa da tanti take ɗauka. Gumurzu kam sai fensir.

3. An fi jaddada wannan: a nemi zanen asali, kada a tsaya kan na jarida. A lokacin, a New York ana kwafe zanen a juye kan katako, a rarraba gutsattsarinsa ga masu sassaƙa da yawa, sannan a ɗaure da noti. A nan ake gyara sahu, a rage gawarwaki. A duba gefen takarda, mai zane kan rubuta umarni.

4. A binciki ranar zane. Manyan zanen gumurzun Antietam na Kyaftin James Hope bayan yaƙi ya yi su.

Inda aka rabu: wasu sun ce soja ya fi gaskiya tunda da shi aka yi. Wasu suka ce hayaƙin albarushi bai barinsa ganin komai sai gabansa.