Ɗalibanmu sun san kimiyya, amma kamfanin magani sai ya sake koya musu aiki

MalamarHaɗaMagani:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a tsangayar haɗa magunguna ta wata jami'a, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Yaranmu sun san sinadarai sosai, amma duk wanda kamfanin magani ya ɗauka sai ya ce kamar daga farko ya soma karatu. Wata ɗalibata haziƙa ta yi kuskure a takardar bayanin zubin magani (wato maganin da aka haɗa a karo ɗaya), ta shafe da farin ruwan gogewa, aka dawo mata da takardar. A can ba a gogewa. Layi ɗaya ake ja a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu da kwanan wata. Yarjejeniyoyinmu da kamfanoni kuwa yawanci a takarda suke ƙarewa. Wane irin haɗin gwiwa ne yake aiki da gaske?

MaiKulaDaInganci:
Wa alaikumus salam, Malama. Abin da muke nema wajen sabon ma'aikaci shi ne ƙa'idojin GMP, wato na haɗa magani mai inganci, su zame masa jiki, ba ya haddace su kawai ba. Ɗakunan haɗa allura darajojin tsabtarsu huɗu ne, A zuwa D, kuma sa kayan shiga kaɗai darasi ne: ki sa rigar ba tare da ta taɓa ƙasa ba, ki yi tafiya a hankali, kada hannunki ya gitta saman kwalba buɗaɗɗiya. Ba a koyon wannan a allo.

Shi ya sa ƙasar Ailan ta gina cibiyar horar da ma'aikatan haɗa magani, NIBRT, a Dublin, aka buɗe ta a 2011. Gwamnati ta zuba kuɗi, manyan makarantu huɗu suka haɗu, ciki har da jami'o'in UCD da Trinity na Dublin, aka kafa ƙaramar masana'anta ta horo da injinan gaske. Jami'ar NC State a Amurka ma tana da irinta, BTEC, tun 2007. Ɗalibi ya ɓata zubi a can, babu majinyacin da zai cutu.

TsohonLakcara:
Na yarda, amma a yi hattara. In kamfani ɗaya ya zana muku manhaja, injinsa kaɗai yaran za su iya, kuma injina suna tsufa. Wanda ya san dalilin da na'urar gwaji ta HPLC ke rarrabe sinadarai zai iya aiki da kowace iri. Ku bar wa kamfanoni darasin aiki, ku riƙe tushe.

MalamarHaɗaMagani:
Na gode, Malam. Cibiya irin ta Dublin ta fi ƙarfin tsangaya ɗaya. Ko Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ma Koriya ta Kudu ta zaɓa a 2022 don horar da ma'aikatan haɗa magani na ƙasashe masu tasowa. Amma zan iya roƙon ma'aikacin sashen inganci ya riƙa duba littattafan gwajin ɗalibai da idon mai bincike, mu malamai kuma mu je masana'anta lokacin hutu. MaiKulaDaInganci, kamfaninku zai karɓi malamai?

MaiKulaDaInganci:
Zan kai maganar gaba. Ki rubuto a hukumance, ki faɗi sashen da kuke son gani.