Yadda Batirin Waya Zai Daɗe Bai Lalace Ba

A wata tattaunawa da aka yi tsakanin masu gyaran waya da masu amfani da ita, bakin mafi yawansu ya zo ɗaya cewa zafi ne ya fi komai kashe batiri. Kamfanin Apple ya yi gargaɗi cewa zafin da ya haura digiri 35 yana iya rage ƙarfin batiri dindindin, alhali kuwa a watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri sukan wuce 40. Saboda haka kada a bar waya a gaban mota cikin rana, kada a cusa ta ƙarƙashin matashin kai tana caji, kuma a cire mata riga idan ta ɗauki ɗumi.

An fi son caji ya riƙa tsayawa tsakanin kashi 20 da 80, ko da yake wanda wuta ke zuwa masa jefi-jefi ba shi da laifi idan ya cika ta fal. Rage hasken fuskar waya yana taimakawa ƙwarai, haka ma kashe data inda sabis ya yi rauni. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfin baya kuwa, a daina yi masa caji, a kai a canza shi.