Don Allah ku ba ni shawara: man kifi da cutar sadafiyya

Maman Hanif, Jidda: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon maganata. Tun kafin azumin bara fatata ta fara yin jajayen tabo masu farin ɓawo a gwiwar hannu da gwiwa da cikin kai. Na ɗauka makero ne, aka ce amosani, ƙarshe likitar fata ta ce sadafiyya ce, wato psoriasis. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙanwar maigidana da muke zaune tare. Ta ware wa yaranta kofi da faranti, ta daina cin tuwon da na tuƙa, har ta kira gida Kano ta ce na ɗauko cuta. Ranar sunan maƙwabciyarmu sai da na sa safar hannu cikin wannan zafin. Shi kuma maigidan ya ce in yi haƙuri yarinya ce. Yarinya mai 'ya'ya uku? An ba ni man shafawa da ƙwaya, na sha na ɗan lokaci na ajiye. Yanzu na sayo man kifi a saidaliyya, wato kantin magani, ina shan ɗaya kullum. Zai warkar da ni? In ƙara yawansa?

Anti Nas, Makka: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, kin ba mu labarin ƙanwar miji kaf, amma ba ki faɗi sunan ƙwayar da kika ajiye ba, kuma nan ne maganar take. Sadafiyya ba ta yaɗuwa, ko a kwano ɗaya ake ci. Garkuwar jiki ce ke sa fata ta riƙa sabunta kanta cikin 'yan kwanaki maimakon kusan wata guda, shi ya sa ɓawon ke taruwa. Man kifi yana da omega-3, wato EPA da DHA, masu rage kumburi. An gwada shi a kan masu cutar: wasu gwaje-gwajen sun nuna ɗan sauƙin ja da ƙaiƙayi, wasu ba su nuna komai ba. Ba ya warkarwa. Juya kwalbar ki duba, yawancin ƙwayar 1000 mg, EPA 180 da DHA 120 ne kawai a ciki.

Baban Sadiq, Riyad: Allah ya ba ki lafiya ƙanwata. Ni shekaruna da yawa da wannan cuta, kuma na ga amfanin man kifi, musamman lokacin sanyin Riyad da fata ke tsagewa. Matsalata ta'amin ce, wato inshorar lafiya. Wanda kamfaninmu ya yi mana bai ɗauki gasa fata da haske da likita ya rubuta mini ba, na je na dawo har na gaji, kafili kuma ba ya son jin maganar fita asibiti. Ki ci gaba da sha, ki ninka ma.

Anti Nas, Makka: Baban Sadiq, kada ka ce ta ninka ba ka san me take sha ba. Man kifi mai yawa yana rage daskarewar jini, mai shan aspirin ko warfarin sai da sanin likita. Kuma in na hantar kifi ne, wanda ake rubuta cod liver oil, akwai bitamin A a ciki, yawansa na cutar da hanta da ɗan da ke ciki.

Hajiya Ta Madina: Ku bar yarinya da waɗannan sunaye. 'Yata, ki samu man habbatus sauda da man zaitun ki riƙa shafawa, ki yawaita shan Zamzam da niyyar waraka. Kifin ma ki ci shi da kansa, ga kasuwar kifi ta Bangala nan kusa da ku, sardin da baga ba su da tsada. Waɗannan ƙwayoyin wa ya san da wane gelatin aka yi ɓawonsu? Ni tawa surukar haka ta cika gida da kwalabe, ɗana yana ta zubar da riyal, in na yi magana a ce na sa ido.

Maman Hanif, Jidda: Na gode Mama. Anti, ƙwayar methotrexate ce, sau ɗaya a sati. Ba da gangan na bari ba, tashin zuciya take sa ni kwana biyu cur, ga yara ga girki, wa zai taya ni? Kuma kowane zuwa sai an ɗebi jini an caji kuɗi. Man kifin dai bai taɓa kwantar da ni ba. Man shafawar Dermovate ne, shi ina sayensa da kaina in abin ya tashi.

Anti Nas, Makka: To kin ji. Ɗibar jinin don duba hanta da ƙwayoyin jini ne, ba cin kuɗi ba. An haɗa miki da folic acid? Shi ke rage tashin zuciyar, kuma akwai ta allura. Dermovate kuwa steroid ne mai ƙarfi sosai, shafa shi wata da watanni yana siranta fata, in kin tsaya cutar ta dawo da ƙarfinta. Sannan ki faɗa mini gaskiya, kina neman haihuwa? Methotrexate ba ta haɗuwa da ciki ko kaɗan. Ki koma wurin likitar da kwalbar man kifin a hannunki.

Ummu Rayyan, Jidda: Ni dai da na bar madara da tumatir na ji dama. Amma ƙanwar mijin nan ita ce ciwonki, damuwa tana tayar da sadafiyya. A nema mata wani ɗaki.

Baban Sadiq, Riyad: Anti, komawa asibiti da baki sauƙi gare shi. Wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare fa?

Maman Hanif, Jidda: Iƙamata lafiya lau. Maganar haihuwa kuma ta Allah ce, ba na son shiga nan. Kwalbar na duba, omega-3 aka rubuta, ban ga maganar hanta ba. Zan dai ƙarasa ta in gani, tunda na riga na biya. Amma kwanan nan yatsuna biyu sun kumbura, da asuba ba sa lanƙwasuwa sai rana ta ɗaga. Man kifin zai taimaka wa wannan?

Anti Nas, Makka: Shi ne sai yanzu kike faɗa? Sadafiyya tana shiga gaɓoɓi, kuma abin da ta lalata a gaɓa ba ya dawowa. Wannan ba aikin man kifi ba ne, ki je cikin satin nan.

Hajiya Ta Madina: Sanyin mukayyif ne kawai, na'urar sanyaya ɗakin nan, ta riƙa gasawa da ruwan ɗumi.